Layi na Huɗu

Shekara goma sha ɗaya ina kan teburin nan,
bakin ƙofar lakkwal, a Bagalam, ƙarƙashin dogon yaro.
Suna, sunan uba, shekarar haihuwa,
sai layi na huɗu: ina karnen lamba?

Bana darakta ya shigo da takarda a hannu,
ya ce masu makarantar sun zauna sun yanke,
kada a ƙara tambayar kowa.
Iyaye na gudu, in ji shi, bencina na zama wayam,
kuɗin wata ba ya ganin ƙarshen wata.
Na ɗauki magogi. Layi ɗaya ne tak.
Ban san yana da nauyi ba sai da na goge shi.

Ba zan yi ƙarya ba, akwai wadda ta ji sanyi.
Sahiya mai ƙuli-ƙuli, da Gulbi ya shiga ɗakinta bara
ya tafi da tabarma da turmi da karnen ƴaƴa uku.
Sau biyu ina mayar da ita, idona a ƙasa.
Ran nan na rubuta su duka,
ta yi ta sa mini albarka har bakin titi.
Nomau ma ya zo, shi da allura ba sa ga maciji,
ya ce yau aka gane ɗa na ubansa ne.
Na rubuta. Alƙalami ba ya gardama.

Sai bazara ta sauka,
irin zafin da ke sa kwanon aji ƙara.
Tsahiru ya fara, benci na uku, gefen taga:
ido jawur, hanci na zuba, tari kamar ana tsaga kara.
Kwana huɗu, ƙuraje bayan kunne.
Tsofaffi ba sa kama sunansa, baƙo suke cewa.
To, ya shigo, ba wanda ya tambaye shi takarda.

Malama Baraka, cikin wata shida,
ta tsaya bakin ajinta da alli a hannu.
In ta zauna gida albashi ya yanke,
in ta shiga, su biyu suka shiga.
Ta ce, ke mai littafi, faɗa mini,
wa aka yi wa, wa ba a yi wa ba?
Na buɗe mata shafin. Fari fat.

Uwar Haladu ta zo ta ɗauke shi, sikila gare shi,
yaron da ya fi kowa lissafi
yana zaure yana ƙirga kabu-kabu.
Arzika maigadi ya bar ɗaukar jikarsa,
wata biyar gare ta, ba ta kai lambar ba.
Daga bakin ƙofa yake yi mata wasa,
tana miƙo hannu, yana ɓoye nasa a aljihu.

Sahiya ta dawo da rana tsaka, ba tire a kai.
Ashe na autan ba a ƙarasa ba.
Kwana tara a likita, ta sayar da kaskon suya.
Ya tashi, amma wuyansa kamar sillen kara.
Ta ce, da kin matsa mini sau uku, da na koma an bincika.
Na ce, da na matsa, da kin zage ni.
Ta ce, ƙwarai kuwa.
Muka yi shiru, muna kallon tururuwa.

Benci bakwai suka kwana biyu ba kowa.
Shida sun dawo.
Na bakwai an ce an kai shi ƙauye wajen Madarunfa,
ban bi bahasi ba, na fara sabawa da rashin tambaya,
kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Yanzu da fensir na ja layin, siriri,
yadda in darakta ya leƙo ba zai lura ba.
Ina kwana, ina gajiya, ina yara,
an ko kai su lamba?
A cikin gaisuwa nake cusa ta.
Wasu su amsa, wasu su ce ina ruwanki,
Nomau ya yi tsaki ya gyara hula.
Jiya dai wata ta kwance bakin zane
ta fiddo karne, ya sha maiƙo, ya naɗe gida huɗu,
na shimfiɗa shi kan tebur, na danne da dutse.